Delu Ta Yi Wa Kwamfuta Banda

"...ya gajiyar hayaƙi, amarya? Ke dai ba ki tsufa, sai haƙoranki."

Bilyaminu ke nan, yana gaida kakarsa Delu a bakin murhun bandarta a Wara. Jiya ya ƙetaro daga Yelwa da kwamfutarsa ta cinya, ruwa ya ɗan fantsa mata a kwalekwale. Yanzu ya kunna, allo baƙi ƙirin, sai wani guntun Turanci. Ga shi hoton marigayi kakansa Dogo na ciki, kuma shi kaɗai ya rage tunda ambaliya ta cinye na takarda. Bai ma gaya mata ba tukuna.

"Lafiya lau, miji ba cefane. Mi akwatin naka ke cewa?"

"Wai ta duba cikinta, ba ta ga abin da ke tashe ta ba."

"Ta yi gado. Kai ma sai an watsa maka ruwa."

Ya kai hanci ya sunsuna. Ƙauri!

"Tsohuwa, mi ya sa take warin tarwaɗa?"

"Godiyar ke nan? Na gan ta jiƙe, na ɗora ta tare da kifi. Har juya ta na yi."

"Innalillahi! Banda kika yi mata?"

"Duk abin da ya fito Kainji jiƙe, hayaƙi na maganinai. Sau guda ma ta suɓuce ta faɗi."

"An ce da tsohuwar zuma ake magani, ke kuwa da ke ake ɓarna. Na fasa auren!"

"Tafi can! Wa ke son mijin da bai iya riƙe filafili ba? Da Dogo ke riƙe da shi, da ruwa ko ɗigo bai shiga jirgi ba."

"To, Dogon naki na ciki. Hotonsa na kawo miki, kin gasa shi."

Kifin hannun Delu ya zame cikin toka.

Tausayinta ya kama shi. Sai maganar faɗuwar nan ta dawo masa. Ya kife kwamfutar, ya kwance murfin ƙasa da tsinin wuƙar fawar kifinta. Ashe faifan ciki ne ya zame daga mazauninsa. Ya hure, ya tura shi har ya zauna, ya yi bisimilla ya kunna.

Ta yi ɗan gurnani, allo ya haska. Ga Dogo, komar kamun kifi a kafaɗa, yana dariya.

"Kai Dogo, har yau da wagga tsohuwar hula?" in ji Delu.

"Kuka kike, amarya? A gaban sabon miji?"

"Hayaƙi na, ɗan nema."

Ta zaɓo tarwaɗar da ta fi girma ta miƙa masa, idonta na kan allon.

"Ungo, yau kai ka ci wasan. Amma kar ka kashe akwatin tukuna."