Ɗan Yatsan Likita Kathiresan

Duk faɗin birnin Koyambatur na ƙasar Indiya babu wanda ya san ran taya kamar Kathiresan. Shi ya faɗa mana da bakinsa, kuma mutum irinsa ba ya ƙarya sai da dalili. A filin tseren motoci Likitan Taya muke ce masa, shi kuwa yana amsawa da ɗaga gira, don a ganinsa sunan ma ya yi masa kaɗan.

Tayar tsere ba ta da zane, sumul take tun daga kamfani, saboda haka ido ba ya gane wadda ta mutu da wadda ke da sauran numfashi. Duk sa'ad da ta yi zafi a kan kwalta ta huce, robarta na ƙara tauri, har ran da za ta zubar da kai a kwana. Wasu na gwada ta da na'ura. Likita ya raina na'ura. Yana da farcen babban yatsa, dogo, mai sheƙi, wanda saboda shi ya daina wanke kofinsa.

"Taya magana take yi, Tambi," haka yake ce wa kowa, wato ƙanena, har da waɗanda suka girme shi. "Ku kurame ne kawai. Ni da na taɓa, ta gaya mini tarihinta."

Gaskiya ne, tana gaya masa. Kanikawa sukan ja layin alli a gefen taya duk fitar da ta yi. Likita zai durƙusa, ya lumshe ido ɗaya yana dannawa, ɗayan idon yana ƙirga alli. Duk mun sani. Mun yi shiru ne saboda ƙanwarsa ce matar maigidanmu Duraisami, da muke kira Ayya, mai masaƙa, wanda shi ke da motar tseren da muke wa aiki, da garejin, da kofin da muke sha.

Direbar motar Valarmathi ce, 'yar mai gyaran famfo, mace mai ƙarancin magana. Ayya ya gaya mata ƙiri-ƙiri: in ba ta shiga cikin ukun farko a tseren Lahadi ba, motar ta koma hannun ɗan wansa, wani ƙato da ya iya tuƙi a baki. Sababbin tayoyi sun ƙare, sai a cikin tsofaffi za a zaɓi huɗu.

Sai ga Ayuda Puja ta faɗo a makon, ranar da ake wanke kayan sana'a a yi musu ado. Mahaifiyar Ayya ta zo garejin da kanta. Ta sa aka wanke sifana, aka wanke jak, aka rataya furanni a hancin mota, aka murƙushe lemun tsami a ƙarƙashinta. Ta hango tarin tayoyi da zane-zanen alli, ta kama haɓa.

"Wannan ƙazanta fa? A rana irin ta yau? Ku kawo soso!"

Wa zai musa wa tsohuwa? Aka dirje su tas.

Washegari Likita ya iso da farin mayafi a kafaɗa. Ya durƙusa, ya lumshe ido ɗaya, ɗayan ya yi ta yawo bai sami komai ba. Ya zagaya tarin, ya shinshina, ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne. Daga ƙarshe ya zaɓi tayoyi yadda ake zaɓen gauta a kasuwa: waɗanda suka fi santsi da ƙyalli. Ya dangwali jan garin da aka shafa wa kayan aiki ranar bikin, ya buga wa kowace tambarin yatsansa.

"Waɗannan huɗun 'yan mata ne! Dubi fata! Waɗancan masu ƙuraje kuwa gawa ne, a kai su shingen kwana."

"Anna," in ji Valarmathi, wato yaya, "masu ƙyallin nan tun bara suke kwance, sun bushe kamar katako. Masu kaushin ne muka hau kwanan nan."

"Ke tuƙi aka ce ki yi. Kin taɓa ganin maras lafiya ya rubuta wa likita magani?"

Ta ce to. Wallahi na ji tausayinta har raina. Amma ranar Lahadi, Likita na can rumfar manya yana cin wainar shinkafa ta idli yana koya wa wani ɗan jarida yadda ake jin bugun zuciyar roba, ta kira kanikawa. Suka ɗaura mata gawarwakin, suka jibge 'yan matan ɗaya a kan ɗaya a gefen dandamalin ba da kyauta.

Ta zo ta biyu. Ihun da muka yi sai da muryata ta dushe.

Kafin ta cire hular kwano Likita ya riga ya ƙwace makirfo. Da yake Allah bai ba shi tsawo ba, ya nemi abin hawa don jama'a su more ganinsa. Ya ga tayoyi huɗu a jibge, ya sa aka ɗaga shi, ya raba ƙafa a kai.

"Jama'a! Mota ƙarfe ce, direba kuma fasinja ce! Taya ke cin tsere, ni kuma na zaɓi taya! Yatsan nan da kuke gani, shi ya zo na biyu!"

Ayya Duraisami ya miƙa wa Valarmathi hannu, ya ce motar tata ce. Sannan ya matso, ya gyara tabarau, ya sunkuya yana duban abin da ke ƙarƙashin ƙafar surukinsa. Jan tambari huɗu, ɗaya a kan ɗaya.

"Machan, surukina," ya ce, kuma makirfon ya ɗauka, "in tayoyinka ne suka yi tseren, to a kan me kake tsaye?"

Likita ya leƙa ƙasa. Leƙen ne ya ja masa. Takalminsa ya zame a kan santsin nan da ya yaba, ya zurma cikin ramin tayoyin har tumbi, ya maƙale, makirfo na ta yaɗa nishinsa.

Kanikawa ba su yi gaggawa ba, sai da suka gama ɗaukar hoto. Da ruwan sabulu suka zare shi, yadda suke zare kowace tsohuwar taya daga kan wili.