Yadda Ake Gyara Kwamfutar Suruki Kai a Sunkuye

Kana neman aure, ba gona, ba shanu, sai baki? Kwantar da hankalinka. Ga hanyar da aka jarraba, tabbas sai gidan surukai sun san da zamanka. Khuzaima na Wurno ya bi ta tiryan-tiryan lokacin da yake neman Munawwara, 'yar Malam Hambali na Gwaram, kuma har gobe ba a manta da shi a gidan ba.

1. Fara da cika baki

A wajen zance, ka ce wa yarinya kai injiniya ne. Iyakar sanin Khuzaima shi ne tura wa mutane waƙoƙi a waya a kasuwar Birnin Kudu, amma wa ya tambaye shi takarda? Nan da nan magana ta kai kunnen uban. Shi kuwa Malam yana da tsohuwar kwamfutar tebur mai aiki da tsarin da ake kira Linux, wadda ɗansa ya haɗa masa kafin ya tafi karatu. Da ita yake sauraron tafsiri, ga shi manhajar sauti ta fara shaƙewa.

"Turo min shi," in ji Malam. "In ya gyara, sai mu yi maganar magabatansa."

2. Buɗe baƙar taga

Akwai kantin manhaja mai hotuna, dannawa ɗaya ka gama. Kul ka taɓa shi! Wannan ko Inna ta iya. Buɗe baƙar tagar nan da ake rubuta umarni, ka fara kowane layi da sudo. Ma'anarsa, ni ne mai gida. Kwamfuta na jin haka take daina musu.

3. Ƙaro rumbu

Daga rumbu ake sauko da manhaja, kuma rumbun da kwamfutar ta zo da shi amintacce ne. To ina burgewa a nan? Shiga intanet ka kwaso adireshin duk rumbun da ka gani, ko na waye, ka liƙa. In ta ce ba ta san sa hannun mai rumbun ba, wuce abinka. Baƙonka annabinka.

4. Kiyaye kunya

Nan ake gane ɗan mutunci. Malam zai jawo kujera ya zauna dab da allon, kai kuma ba ka isa ka haɗa ido da suruki ba. Durƙusa, ka sauko da kibod kan tabarma, ka sunkuyar da kai.

Haka Khuzaima ya yi, don wallahi da gaske yake son yarinyar nan. Ya rubuta umarnin cire tsohuwar manhajar sauti. Bai san manhaja kamar amarya take ba, ba ta tashi sai da 'yan rakiya, ga shi baƙin rumbunan sun riga sun haɗa dangi faɗa. Kwamfuta ta jero sunayen duk waɗanda za su bi ta, ta tambaya ko ya amince.

"Yaro, wani dogon rubutu ya fito fa," in ji Malam. "Ba za ka duba ba?"

"Allah gafarta Malam, gaisuwa ce kawai take yi."

Ya danna amincewa, kansa na ƙasa.

5. Kashe, ka kunna da bismilla

Ya kashe, ya kunna. Ba hoton bango, ba kibiya, balle tafsiri. Sai wani ɗan farin layi da ke ƙyaftawa a lungun allo.

"Ina ta shiga?" in ji Malam.

"Hutawa take yi, Baba."

Malam ya daɗe yana shafa gemu. "To, madalla. Ranar da ta tashi, ka turo magabatanka."

6. Dage

Duk Asabar Khuzaima na kan babur zuwa Gwaram da sabon umarnin da ya kwafo a intanet. Damina ta wuce, aka yanke dawa, layin nan yana nan yana ƙyaftawa. Da farko Munawwara na aiko masa da fura, daga baya ruwa, daga ƙarshe ko leƙe. Bawan Allah ya rame, abin gwanin ban tausayi.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba ya ɗaukar alhakin manhajar da ta ɓace, datar da ta ƙone, ko budurwar da ta gaji da jira. Shawara kawai ya bayar, kamar yadda ya ba Khuzaima, bai yi wa kowa dole ba. Mai ƙorafi ya same shi Asabar mai zuwa a ƙofar gidan Malam Hambali, wajen ɗaurin auren Munawwara. Ba zai yi wuyar ganewa ba: shi ne mai sabuwar babbar riga da ake ta miƙa wa hannu.