Yadda Za Ki Ɓoye Wa 'Yarki Cewa Ubanta Ne Fursunan Gidan Tarihi

'Yar'uwa, idan mijinki ma'aikacin gidan tarihi ne, kuma duk shekara, ranar da ake nuna yadda mutanen dā suka rayu, shi ake sa wa mari a ƙafa a jefa a tsohon kurkuku don baƙi su kalla, to darasin nan naki ne. Ki bi matakan nan sau da ƙafa, na ba ki tabbaci 'yarki za ta shiga ta fita ba ta ga ubanta a ɗaure ba. Na gwada da tawa mai shekara huɗu, wadda muke kira Me-ya-sa saboda bakinta.

Mataki na 1: Ki san abin da kike karewa

Yaro bai san wasan kwaikwayo ba. Tawa ƙadangare ta gani a mace ta ƙi cin abinci, balle ta ga ana zane ubanta. Ga shi shugabar gidan tarihin ta yi wa maigida alkawari: idan bana ta tafi lami lafiya, baɗi shi ne alƙali, a kan kujera, a inuwa.

Kada ki ce za ki bar ta a gida. Yaran maƙwabta za su je, su dawo mata da labarin har da gishiri.

Mataki na 2: Kada ki yi ƙarya, ki dai rage gaskiya

Da safe za ta gan shi yana shafa toka a fuska.

"Mama, me ya sa Baba ya sa tsumman goge ɗaki?"

Ki ce, "Kayan aiki ne." Idan maigida ya sa baki ya ce, "Ai ni kowa ke zuwa gani," ki ƙyale shi. Bai yi ƙarya ba.

Mataki na 3: Ki bi hagu

Kurkuku yana dama da ƙofar shiga, don haka ke da dama kun yi hannun riga. Ki kai ta wurin masaƙi. Ki kai ta wurin maƙeri, amma daga nesa, tartsatsi bai san baƙo ba. Ki daɗe wurin matar da ke niƙa a dutse, ki roƙa a bar yarinya ta gwada. Hula a kanta, gorar ruwa a wuyanta, biskit a aljihu. Masu iya magana sun ce yaron da hannunsa ke aiki idonsa ba ya yawo. Idan ba su ce ba, ya kamata su ce.

Mataki na 4: Ki lallaɓa mai bulala

Namu mai tsaron kurkukun telan unguwarmu ne. Bulalarsa ta auduga ce, amma tsawarsa ta gaske ce. Na same shi a gefe.

"Malam Tela, don Allah bana a sassauta murya."

Ya ce, "Maman Me-ya-sa, shekara guda nake jiran ranar nan. Mijinki a gaban mutane ya ce ɗinkina karkatacce ne."

Ki yi masa godiya duk da haka.

Mataki na 5: Ki tuna yaro yana da kunne

Muna wurin niƙa sai aka ji daga dama: "Wayyo bayana! Wayyo Allah bayana!"

Wannan nishin ba sabo ba ne. Shi maigida ke yi duk ranar da na ce ya ɗaga mini jarkar ruwa.

Me-ya-sa ta saki dutse. "Mama, an sa Baba aiki."

Kafin in ce me, hannuna babu kowa.

Mataki na 6: Idan ta kuɓuce, kada ki yi gudu

Ƙarya nake, ki yi gudu. Ba dai za ki cim mata ba, don ita ta ƙarƙashin igiyar tare 'yan kallo take bi, ke kuma sai kin ba kowa haƙuri.

Na iske ta tsaye a gaban tela, bulala a sama.

"Kawu Tela, ba ka jin kunya? Jiya fa a gidanmu ka sha shayi."

Bulala ta sauko a hankali. Me-ya-sa ta juya wurin ubanta. "Baba, me ka yi?"

Ya dubi 'yarsa, ya dubi shugaba da ke tsaye da lasifika, ya tuna kujera. Ya ce, "Akuya na sata."

"To ka mayar musu, ka ce ba za ka ƙara ba."

Ta cire hularta ta ɗora masa, ta ɓare biskit ta sa masa a baki, ta zauna a ƙasa ta miƙa wa tela ƙafarta. "Ni ma ɗaure ni. Ba ya son zama shi kaɗai."

Wata baƙuwa ta fashe da kuka. Tela ya share ido da bulala. Ni ƙura ce ta shiga nawa.

Mataki na 7: Ki karɓi sakamako

Yarinya ko hawaye ba ta yi ba. Ubanta ne ya kusa yi, da shugaba ta kira shi ta ce, "Alƙali ai kowa zai iya. Irin wannan fursuna kuwa ba ma sakinsa. Baɗi kai da 'yarka." Sai ta dube ni sama da ƙasa. "Kuma muna neman matar fursuna."

Gargaɗi

Ban ɗauki alhakin kujerar da mijinki zai rasa ba, ko gaisuwar jaje daga malamar makaranta bayan 'yarki ta sanar da aji cewa ubanta ya saci akuya amma ya tuba. Duk wadda ta bi shawarar nan ta ga ba daidai ba, kada ta zo gidana. Idan ya zama dole, ta same ni baɗi a ƙofar kurkuku, cikin tsumma, ina kuka. Ta tsaya bayan igiya.