Zuciyar Baffa a Dama

Watana biyu da fara aikin awon bugun zuciya a wani asibiti a Yelwa, na riga na ɗauki kaina gwani. Aka kawo wani dattijo makiyayi daga Gubi. Na maƙala masa wayoyin na'ura ina ta zuba, ko alamarsu ban duba ba.

Takardar awon ta fito daga na'urar, layukan bugun zuciyar a kife. Na ruga na sanar da likita a gaban kowa: "Zuciyar Baffa a dama take!"

Ta zo ta duba. Ashe wayar hannun dama na sa masa a hagu, ta hagu a dama.

Baffa ya dafa hagunsa ya ce, "Ɗana, ni dai a nan na bar ta."

Har yau da na shigo, abokan aiki sai su ce, "Malam, yau zuciyar wa za a yi wa ƙaura?"