Furen da Na Yi wa Raino a Gidan Surukai

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zan taɓa mantawa da daminata ta biyu a gidan miji ba. Ni 'yar birnin Kano ce, malamar adabi, aure ya kai ni Tudun Wada, cikin babban gidan su maigidana. Shi yana aiki a Kaduna, sai ƙarshen wata. Surukina, Baba Malam, malamin gona ne da ya yi ritaya. Tsakanina da shi sai gaisuwa daga nesa, in durƙusa, ya amsa yana kallon katanga. Surukata Inna kuwa ba ta taɓa yi mini faɗa ba, abin da ya fi faɗan tayar mini da hankali. Kullum ina zargin kallon 'yar birni suke yi mini, wadda ba ta iya komai ba sai juya shafin littafi. Na ƙudurta sai na nuna musu ni ma hannuna yana da albarka.

Tun ƙarshen daminar farko na samo makamina. Motarmu ta yi faci a hanyar Falgore, na hango wani siririn fure mai launin ruwan hoda a tsaye cikin gonar dawa. Na tsinko waɗanda suka fara bushewa, na haɗa da ƙasar wurin, na ƙulle a bakin mayafi. (Direban ya dubi ƙullin, ya dube ni, ya ce Allah ya ba da lafiya. Na ce amin, ban san ciwon ba.)

Da ruwa ya sauka na gyara masa wuri a bayan ɗakina, na shuka. Shiru. Na zuba takin awaki, na riƙa leƙawa kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Can sai ya leƙo a kusurwa ɗaya tak, inda dawar da kaji suka watsar ta tsiro. Nan fa ilimina ya motsa. Na yanke hukunci cewa furen nan, kamar duk mai taushin zuciya, kaɗaici ne ba ya so. Na roƙi Inna tafin dawa na zagaye wurin da ita. Dawar ta ƙanƙance, ta yi rawaya kamar mai ciwon shawara, furen kuwa ya yi ɓul-ɓul. Na ɗora laifin a kan dawar.

Kada ku tambayi irin fargabar da na sha. Na kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Ina aji ina koyar da waƙa, hadari ya taso, jikina na gaban allo, zuciyata na bayan ɗaki. Matan gidan kan zo su tsaya a kansa, su yi jim, su ce mini sannu da ƙoƙari, su wuce da sauri. Kara suke yi mini. Ni kuwa na ɗauka burgewa ce ta ɗaure musu harshe.

Ranar da manoman unguwa suka taru a zauren Baba Malam, girkin ya faɗo kaina. Na tuƙa tuwon shinkafa, na jera kwanuka a tire, sai na ga da saura. Na yanko furannin da suka fi kyau, na zuba a kofin gilashi, na kafa a tsakiya, na lulluɓe da ƙyalle. Ƙanin mijina Sani ya ɗauka, ni kuma na laɓe bayan ƙofar zaure don in ji yabo da kunnena.

Baba Malam na tsaka da bayani a kan ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta: yadda yake maƙale wa saiwar dawa ya tsotse ta, da cewa a tuge shi kafin ya yi fure, don tushe ɗaya ya isa ya cika gona da iri. Ina daga bayan ƙofa ina gyaɗa kai, ina tausaya wa manoma.

Sai aka yaye ƙyallen.

Wani dattijo ya tambaya a hankali ko samfuri aka kawo don darasi. Sani, Allah ya shirye shi, ya ce a'a, na Anti ne, ita ta shuka abinta, har taki take ba shi.

Baba Malam ya yi gyaran murya. Ko sunana bai taɓa kamawa ba, ranar ma bai fara ba.

"A gaya wa mutanen ɗaki Allah ya yi albarka. Tun kafin a haifi mijinta nake yaƙi da abin nan, ban taɓa ganin wanda ya ƙoshi haka ba."

Ban san yadda ƙafafuna suka kai ni ɗaki ba. Kafin la'asar an tuge lambun nawa, an ƙone, har ƙasar aka kwashe a buhu kamar wurin da annoba ta sauka. Inna ce ke riƙe da fartanya. Ta yi sara biyu, dariya ta ci ƙarfinta, ta zauna a kan turmi tana share hawaye, sannan ta ce, "Zo nan 'yata, baɗi kuɓewa za mu shuka. Mai hannun da ya raya wannan, komai ma zai raya."

Darasin bai kai shafi guda ba: in kin ga abu mai kyau a bakin hanya, jama'a na wucewa ba mai tsinka, kada ki ɗauka ke kaɗai Allah ya ba ido.