Sharar Bana Ba Faifai

"Lale, lale da yaron gidanmu! Wushe! Shara ka zo yi mana, ko yunwa ce ta koro ka daga Bolori?"

"Kalewa, Mikail. Ina gajiya, ina tsufa, ina sanƙo? Na ga ya ƙara faɗi, tun daga bakin ƙofa nake hango fuskata a ciki."

Mikail da Ba'ana taubasai ne, mahaifin Mikail da mahaifiyar Ba'ana ciki ɗaya suka fito. A danginsu, idan watan cika-ciki ya kama, ɗan mace yakan shiga gidan ɗan namiji ya ɗauki abu guda da sunan shara, ba mai hana shi. Ba'ana ne ɗan macen. Yana da shagon buga gem, wato wasan na'ura, a Bolori, shi kuwa Mikail ma'aikacin jami'a ne a Mairi, furfura ta fara leƙo masa amma bai daina wasan ƙwallo a na'ura ba. Kowace shekara faifan ƙwallon Mikail ne sharar Ba'ana. Bana kuwa abin ya wuce wasa: shagon Dzarma da ke tsallaken titi ya samu sabon wasan, samarin unguwa duk sun koma can, Ba'ana kuma ya riga ya yi shelar gasa ranar Asabar da faifan da bai mallaka ba.

Bai zauna ba. Kai tsaye ya nufi kantar da ke ƙarƙashin talabijin, ya durƙusa yana lalube.

"Zauna mana a kawo maka shayi," in ji Mikail, ya miƙe ƙafa bisa kujera. "Ko ka manta yadda ake zama a kujera? Na san a shagonka benci ne, shi ma ƙafa uku da bulo."

"Shayin gidanka? Wanda ake nuna wa sukari daga nesa? Bar shi. Ina faifan?"

"Wane faifai?"

"Na bana. An ce ka saya. Jiya har a masallaci kana ba mutane labarin yadda ciyawar filin take motsi."

"Na saya mana."

"To fito da shi, ranka ya daɗe, kada in shiga ɗakin barci in ga abin da zai sa in raina ka fiye da yanzu."

"Shiga. Duba ƙarƙashin gado, duba tukunyar miya. In ka ga faifai, ka haɗa da motata."

"Motarka? Allah ya tsare ni. Ni ban zo neman aikin turi ba."

Mikail ya yi murmushin wanda ya daɗe yana jiran wannan rana. Ya nuna sama da yatsa.

"Bana saukewa na yi. Daga intanet. Ba kwali, ba faifai, ba abin da hannun ɓarawo zai kama. Ci gaba ke nan, Ba'ana. Na san labarinsa bai iso Bolori ba tukuna."

Ba'ana ya zauna daɓas a ƙasa.

"Kai yanzu saboda ni ka sayi iska?"

"Saboda kai, wallahi. Kuma ya fi araha. Ka je kasuwar Jagwal ka ji kuɗin faifan?"

"Na je. Mai shagon da ya faɗi farashin sai da na tambaye shi ko har da shagon zai ba ni. Wai guda biyu ne suka iso daga Legas, Dzarma ya ɗauke ɗaya, ɗayan kuma wani Alhaji ya biya wa ɗansa tun yana kan hanya. Wai in jira wata mota. Motar da tun azumi take Damaturu."

"Ka gani? Ni kuwa ina kwance a nan na danna, na samu ragi ma."

"Ragi! Da katin dala? Wanda kafin ka gama karanta lambarsa dala ta ƙara tashi? Faɗa mini gaskiya, da kuɗin katin da ladan wanda ya sayar maka, ina ragin ya tsaya?"

"Ya ɗan... ya tsaya a kusa."

"A kusa da kuɗin faifai. To ni faifai, in na gaji da shi, in kai kasuwa in yi ciko a ba ni wani. In ara wa maƙwabci. In ya karce, in rataya a Keke Napep ya yi ado. Kai naka fa? Ranar rabon gadonka za a ce: ga gida, ga matacciyar mota, ga kuma wata ƙwallo tana sama, magada su ɗaga kai su kalla."

"Ara wa maƙwabci! Kai da faifan bara ka mayar da shi faifan shan shayi. Na zo shagonka na ga kofi a kansa."

"Ya fi amfani a nan. A hannunka kullum ci ake yi maka, har 'yarka Humaira ta ba ka uku ba ko ɗaya."

"Barinta na yi ta ci, don tarbiyya."

"Tarbiyyar ce ta sa ka kashe na'urar ka ce an ɗauke wuta, fanka tana juyawa?"

Mikail ya tuntsire da dariya, amma bai sassauta ba. "Yi ta magana. Ga buta can, ga tsintsiya, zaɓi guda ka kama hanya. Ranar Asabar sai ka tara samarin ku yi gasar 'yar carafke."

Ba'ana ya gyara zama a ƙasa. Ya tuna bencinsa da ba kowa a kai, da ihun da yake jiyowa daga shagon Dzarma duk yamma. Ya dubi kantar, ya dubi talabijin, sannan idonsa ya sauka kan farar na'urar da ke gefe.

"Mikail. Wannan iskar da ka saya, da ta sauko, ina ta shiga?"

"Cikin na'ura mana, jahili."

"Cikin wannan?"

"Kai, tsaya..."

Kafin ya rufe baki Ba'ana ya zare wayoyin, ya rungume na'urar a ƙirji kamar jariri.

"Abu guda aka ce. Ga shi, guda ne. Ni ban taɓa ganin wawa irinka ba: don kada a ɗauki kofi, ka zuba shayin a tulu ka ajiye a bakin ƙofa."

Sai ga Kaltum, matar Mikail, ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. Tana ganin abin da ke hannun Ba'ana ta rangaɗa guɗa.

"Alhamdulillahi! Ba'ana, Allah ya yi maka albarka. Tsaya in kawo maka jaka. Abin nan ya cinye datar gidan nan kaf, har ta wayata. Tun shekaranjiya yake saukowa, ko kwata bai kai ba. Sabis ya zo wuta ta tafi, wuta ta zo sabis ya tafi. Na rantse ba za a ƙara sa masa ko sisi ba."

Ba'ana ya juya a hankali ya dubi taubashinsa.

"Ko kwata? To ciyawar da take motsi fa?"

"A talla na gani," in ji Mikail, yana share hawayen dariya. "Amma kai kana da sola, kuma sabis ɗin Bolori ba laifi. Ka zuba masa data mai kauri, kafin Juma'a ya gama."

"Da kuɗina?"

"Da kuɗin wa? Kayanka ne yanzu."

"Na fasa. Ba ni butar."

"A'a, ɗan gwaggo. Abin da hannu ya ɗaga ranar shara ba ya komawa, ka fi ni sani. Kuma wasan da sunana aka saye shi, ba ya buɗewa sai da lambar sirrina. Lambar kuwa tana nan." Ya ƙwanƙwasa sanƙonsa. "Saboda haka duk yamma ina tafe. A tanadar mini kujera mai jingina, ba benci ba. Da shayi. Kuma ni ba na biyan kuɗin wasa a shagon yarona."

Ba'ana ya tsaya da na'ura a hannu. Gasa dai za a yi, samari za su dawo, amma ya sayo wa kansa Mikail har shekara ta zagayo. Dariya ta ƙwace masa.

"Allah ya isa, ka ci bana. Kaltum, kawo jakar."

"Ga hannun bugawa guda biyu, kyauta," in ji Mikail, yana cusa masa su a aljihu. "Ka sa sunana a gasar."

"Zan sa. Wasan farko kai da Humaira."