Rasuwar Tablet Ɗin Maman Vicky a Hannun Baba Albert

Da zuciya mai cike da baƙin ciki da tsoro, Baba Albert na layin bayan kasuwa a Nasarawa, Kaduna, yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta da abokan arziki rasuwar tablet ɗin matarsa Ladi, wadda kowa ya sani da Maman Vicky. Marigayiyar ta cika ranar Laraba da hantsi a kan teburin falo, bayan gajeriyar rashin lafiya da mai sanarwar ya ɗora mata da hannunsa. Har yanzu mai ita ba ta ji ba. Tana Jos wajen jegon 'yarsu Vicky, kuma ranar Asabar za ta dawo.

Marigayiya ta shigo gidan nan ne a matsayin kyauta daga Vicky, wadda ta same ta a tsohon wurin aikinta. Ta zo da tarbiyyar gidan da ta fito, domin an ɗora mata wata manhaja ta musamman, ba irin ta wayoyin jama'a ba, mai tsare ƙofa kamar maigadin banki. Littafi Mai Tsarki, za ta buɗe maka. Hoto da ɗaukar murya, babu musu. Amma ka ce za ka cusa mata wani abu daga waje, sai ta yi ɗin-ɗin, ta nuna maka hoton kwaɗon kulle ƙofa, ta ci gaba da harkarta.

Baiwar Allah ce mai haƙuri da riƙon caji. Ta faɗo daga kan firij ta tashi. Miyar kuka ta zube mata a fuska, aka goge da bakin zani, ba ta riƙe kowa a zuciya ba. Sai dai babban abin da ta riƙe wa gidan nan shi ne muryar Kaka Ruth, mahaifiyar Ladi, wadda ta rasu bara. A daminarta ta ƙarshe tsohuwar ta zauna a Nasarawa, Ladi kuma ta yi ta ɗaukar ta tana rera waƙoƙin Angasanci, na niƙa da na raino da na coci, har da tarinta da dariyarta a tsakani. Duk Asabar Ladi kan jingina marigayiya da turmi tana wanki, sai ka ji muryar ta cika tsakar gida, ta katse waƙa ta ce, "Ke Ladi, kashe abin nan, muryata ta tsufa," sannan ta ci gaba da waƙarta. Babu wani wuri da aka ajiye muryar nan sai cikin marigayiya.

To, ga yadda ciwon ya faro. Baba Albert tsohon makanikin masaƙa ne, kuma tun da ya bar aiki ya ɗauka duk abin da ke amfani da wuta a duniya yaronsa ne. Ranar tafiya Ladi ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta ta ce, "Baban Vicky, ka ci abin da na bari a firij, ka sha maganinka, kar ka taɓa min tablet." Tsakani da Allah, ya cika na farko da na biyu.

Ƙwallo ce ta ja shi. Bencin gidan kallo yana sa masa ciwon baya, ga ihun samari, ga kuma allo mai faɗi a kwance cikin durowa ba ya aikin komai. Ya gwada saka manhajar kallon ƙwallo, marigayiya ta yi ɗin-ɗin. Abin ya ba shi haushi ƙwarai, shi da ya sarrafa injin da ya fi ɗakin nan girma. Sai ya samo wani bidiyo a ƙaramar wayarsa, inda wani saurayi ke koyar da abin da ake kira rutin, wato mutum ya ƙwace makullan na'ura gaba ɗaya daga hannun manhajarta, ya zama shi ne maigida. Saurayin ya gama nasa cikin kiɗa, ko gumi bai yi ba. Baba Albert ya aro kwamfutar sakataren coci da sunan zai buga takardar taro.

Ya yi ta dangwalar allo har ɓoyayyiyar ƙofar da injiniyoyi kaɗai ke bi ta buɗe. A nan marigayiya ta yi iya ƙoƙarinta, ta fito da gargaɗi da jan rubutu cewa in aka ɓalle wannan kwaɗon, duk abin da ke cikinta zai goge. Baba Albert ya karanta shi yadda yake karanta takardar cikin kwalin magani, layin sama kawai, ya danna e.

Ta mutu ta farfaɗo, ta gaishe shi kamar baƙo, tana tambayar wane harshe yake ji. Ya duba rutin, aka ce masa bai samu ba. Ya duba waƙoƙin Kaka, wayam! Gumi ya karyo masa har cikin singileti. Da wani ne, da a nan zai tsaya, amma ban da Baba Albert. Ya yi lissafin cewa in dai ya kai ga zama maigidan, zai iya tono abin da ya ɓata. Sai ya sauko da wani fayil ya ɗura mata, ashe na ƙanwarta ne, wata tablet mai kama da ita sak amma ba cikinsu ɗaya ba.

Daga nan ta shiga magagi. Ta nuna tambarinta, ta yi brrr, ta yi duhu, ta sake nuna tambari, haka dai ba ci ba sha. An yi mata duk abin da ya kamata. An danne maɓallanta da yatsu uku har farce ya yi fari. An kwantar da ita gaban fanka. An binne ta cikin buhun shinkafa, ko da yake ko ɗigon ruwa bai shige ta ba. Da abin ya gagara aka ɗauke ta a keke zuwa Tudun Wada, wurin Malam Zakariyya'u mai gyaran waya.

"Baba, wa ya taɓa ta?" in ji shi.

"Wuta aka kawo da ƙarfi."

Malam Zakariyya'u ya busa ƙwayar shinkafa daga ramin caji ya ce, "Baba, wuta ba ta sauko da fayil. Kuma ko da ta tashi, abin da ke ciki ya tafi tun dannawar farko. Sai haƙuri."

Baba Albert ya zauna a kan benci, ƙwallo ta fita daga kansa sarai. Kaka Ruth ce ke tsaya masa duk lokacin da suka saɓa da Ladi, ita ce ke ɓoye masa ƙafar kaza a ƙarƙashin tuwo. Kunya ta kama shi, kuma ya ji ciwon abin har ƙasan zuciyarsa. Aka dawo da marigayiya gida, washegari ta yi ɗin sau ɗaya, ba ta ƙara ba.

Ta rasu ta bar caja ɗaya, da rigar fata mai ƙanshin daddawa, da abin sawa a kunne mai ji da ɓangare guda. Ta kuma bar katin ajiya sabo fil a cikin ledarsa, wanda Vicky ta saya don a kwafe waƙoƙin, Baba Albert ya karɓi aikin ya ce gobe. Waɗanda suka riga ta tafiya sun haɗa da rediyon gidan, da dutsen guga, da agogon bango, dukkansu a hannun likita ɗaya.

Za a yi zaman makoki ranar Asabar a gidan mamaciyar. Ana roƙon jama'a don girman Allah su riga motar Jos isowa, domin kowa ya san Maman Vicky mace ce mai kunyar baƙi, ba ta ɗaga murya a gaban masu gaisuwa. Dattawan ikilisiya za su zauna a jere tsakanin ƙofa da kujerar Baba Albert. Maƙwabciya Mama Edith za ta kwashe muciya da taɓarya zuwa gidanta tun da safe. An roƙi Fasto ya tsawaita addu'a iya ƙarfinsa, kuma kada kowa ya tashi tafiya sai an ga Maman Vicky ta sha ruwa. Bayan nan za a sa marigayiya a makwancinta cikin durowar ɗaki.

Ba a buƙatar kunu ko lemo. Amma matan zumunta da dangi, duk wadda ta taɓa ɗaukar Kaka Ruth a wayarta tana waƙa, a bikin Vicky ne ko a coci, ko guntu ne, ko da ƙarar janareta ta rufe rabinsa, Baba Albert yana durƙuso yana roƙo ta zo da wayar. A miƙa wa Mama Edith hannu da hannu. Kada a ba shi, ko da ya ce riƙewa kawai zai yi.